Tarihin jiragen ruwa masu jiki biyu da uku: Daga tsibiran Fasifik zuwa tseren zagaya duniya

Jirgin ruwa mai tafiya da iska, wato wanda ake ɗaura wa babban ƙyalle a jikin doguwar sanda domin iska ta tura shi, yana da wata matsala da ba ta rabuwa da shi. Iskar da ke tura shi gaba ita ce kuma ke neman kwantar da shi gefe guda. Hanyoyi biyu masu ƙera jirage suka bi wajen shawo kan wannan matsala. Ta farko ita ce nauyi, inda ake zuba duwatsu ko ƙarfe ko dalma a can ƙasan jirgin, ta yadda duk lokacin da ya karkata nauyin zai dawo da shi tsaye. Wannan ita ce hanyar da Turawa suka gada. Ta biyu ita ce faɗi, inda ake haɗa kwalekwale biyu ko uku da azara a gicciye, jirgin ya tsaya kamar mutumin da ya ware ƙafafunsa don kada a ture shi. Wannan ita ce hanyar mutanen tsibiran Fasifik da na kudu maso gabashin Asiya.

Jiragen da suka bi hanya ta biyu iri uku ne. Katamaran shi ne mai jiki biyu masu girma ɗaya. Tirimaran shi ne mai babban jiki a tsakiya da ƙananan madogarai biyu, dama da hagu. Firowa kuwa jiki ɗaya gare shi da madogari guda a gefe. A yau irin waɗannan jirage ne suka fi kowane jirgin iska saurin ƙetare teku da zagaya duniya, kuma su ne masu yawon shaƙatawa ke rububin haya. Amma sai da aka shafe kusan shekara 300 Turawa na yi musu kallon abin wasa ko tarkon mutuwa kafin su karɓe su.

Dalilin saurinsu da haɗarinsu

Jirgi mai jiki ɗaya na zamani yakan ɗauki kashi ɗaya bisa uku na nauyinsa, ko ma fiye, a matsayin dalma ko ƙarfen da ba shi da wani aiki sai tsayar da jirgin. Jikinsa kuma yana da faɗi, don haka yana ture ruwa mai yawa, yana tayar da igiyar da ke rage masa gudu. Mai jiki biyu ko uku ba ya ɗaukar wannan kaya. Kowane jikinsa siriri ne mai tsawo, yana yanka ruwa maimakon ture shi, ga rashin nauyi, ga kuma faɗin da ke ba shi damar ɗaukar babban ƙyalle ba tare da ya kwanta ba.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Jirgi mai dalma a ƙasa, ko da igiya ta kwantar da shi, yawanci yakan miƙe da kansa, amma idan ya huje ruwa ya cika shi, dalmar nan ce za ta ja shi ƙasa. Mai jiki biyu ko uku da wuya ya nutse, amma idan ya kife sai ya zauna a kife, domin faɗin da ya tsayar da shi a miƙe shi ne zai tsayar da shi a juye. Kusan duk wani sauyi da aka yi wa tsarin waɗannan jirage cikin shekara saba'in da suka wuce yana da alaƙa da neman ƙarin sauri ko ƙarin wuri, ba tare da an kai ga kifewa ko karyewar azara ba.

Asalinsu

Shekaru dubbai da suka wuce, wasu al'ummomi da masana ke danganta tushen harsunansu da tsibirin Taiwan suka bazu cikin teku a kan kwalekwale masu madogari da masu jiki biyu. Sun mamaye tsibiran Filifin da Indonesiya, suka nausa gabas har Hawai da tsibirin Ista, suka isa New Zealand wajen ƙarni na 13. Ta yamma kuma sun kai Madagaska fiye da shekara dubu da suka wuce, shi ya sa harshen mutanen tsibirin yake da dangantaka da harsunan Borneo. Har gobe masunta a gaɓar Tanzaniya da Zanzibar suna fita kamun kifi da wani kwalekwale mai madogarai biyu da suke kira ngalawa.

Waɗannan maƙera ba su yi amfani da ƙusa ba. Da igiyar ɓawon kwakwa suke ɗaure azara da jikin jirgi, ɗaurin da ke ɗan motsawa idan igiyar ruwa ta bugo, maimakon ya karye. Mutanen tsibiran Mariyana da maƙwabtansu sun ƙware a firowa, wadda ba ta juyawa kamar sauran jirage. Idan za a sauya hanya sai a mayar da ƙyallen ɗaya ƙarshen, gaba ya koma baya, madogarin ya ci gaba da kasancewa ta ɓangaren da iska ke fitowa. Ayarin Magellan ya ga irin waɗannan jirage a tsibirin Guam a 1521, haka ma ayarin Baturen Ingila George Anson a 1742, wanda wani jami'insa ya zana hoton ɗaya daga cikinsu dalla-dalla. Ita kuwa kalmar katamaran daga harshen Tamil na kudancin Indiya ta fito, ma'anarta itatuwan da aka ɗaure tare, kuma William Dampier ya ambace ta a littafin tafiye-tafiyensa na 1697.

Gwajin farko a Turai da Amurka

A 1662 wani masanin lissafi da tattalin arziki, William Petty, ya ƙera jirgi mai jiki biyu a Ireland. Jiragensa sun nuna sauri, amma a 1665 mafi girmansu ya salwanta da mutanensa cikin guguwa a mashigin tekun Biscay, lamarin da ya sa aka daɗe ba a sake kula maganar ba.

Bayan shekara fiye da 200, wani matashin injiniya ɗan Amurka, Nathanael Herreshoff, ya shiga gasar da aka shirya a New York a 1876 da ƙaramin katamaran mai suna Amaryllis, ya kuma tsere wa jiragen da suka fi nasa girma. Masu sauran jiragen suka yi ƙorafi, daga nan aka ware irin jirginsa daga gasar masu jiki ɗaya. Herreshoff ya koma ƙera masu jiki ɗaya, har ya yi suna da jiragen da suka kare Kofin Amurka tsakanin 1893 da 1920. Wannan wariya ta jinkirta ci gaban katamaran da shekaru masu yawa, domin kuɗin masu hali da hankalin ƙwararru duk suna bin inda kofi yake.

Farfaɗowa bayan Yaƙin Duniya na Biyu

A Hawai aka sake ɗaga maganar. Bafaranshe Eric de Bisschop ya ƙera katamaran mai suna Kaimiloa a can, ya bar Honolulu a 1937, ya bi ta ƙarshen kudancin Afirka, ya isa Cannes a 1938. A 1947 Woody Brown, wanda ya san tuƙin jirgin sama marar inji, ya haɗa kai da Alfred Kumalae suka ƙera Manu Kai mai tsawon kimanin mita 12, da dabarun rage nauyi irin na ƙirar jirgin sama. Shi ne mutane da dama ke ɗauka a matsayin katamaran na zamani na farko. Rudy Choy, wanda ya yi aiki tare da su, daga baya ya shiga cikin waɗanda suka kafa kamfanin CSK mai tsara manyan katamaran na tsere a teku.

Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne kayan da yaƙi ya bari, musamman filawud mai jure ruwa, wato siraran falankan katako da aka manne wuri guda, da kuma sabon gam mai ƙarfi. A Ingila wasu 'yan'uwa biyu, Roland da Francis Prout, waɗanda suka wakilci ƙasarsu a tseren kwalekwale a gasar Olamfik ta 1952, sun fara da haɗa kwalekwale biyu, daga bisani suka fito da Shearwater, wanda ya zama abin tsere a gaɓar ƙasar. A Amurka kuma Victor Tchetchet, wanda ya yi hijira daga Yukiren, shi ake danganta wa ƙirƙirar kalmar tirimaran.

James Wharram, ɗan Ingila, shi ne ya fi dagewa kan cewa ƙirar mutanen Fasifik za ta iya ƙetare teku. A tsakanin 1955 da 1956 ya ƙetare Tekun Atilantika zuwa Trinidad a kan Tangaroa, katamaran na filawud mai tsawon mita 7 da ɗoriya, tare da wasu Jamusawa mata biyu. A 1959 ya dawo daga New York zuwa Birtaniya a kan Rongo mai mita 12. Tsarinsa shi ne jiki biyu masu kaifin ƙasa, azara mai ɗan motsi, babu ɗaki a tsakiya, ƙyalle kuma madaidaici. Ya sayar da zanen jiragensa ga dubban masu ƙaramin ƙarfi da suka ƙera nasu a bayan gida. Tsakanin 1964 da 1967 kuma likita David Lewis ya zagaya duniya da iyalinsa a kan katamaran mai suna Rehu Moana.

Shekarun baƙin suna

Arthur Piver na California ya yi wa tirimaran abin da Wharram ya yi wa katamaran. Ya ƙetare Atilantika a 1960 a kan jirginsa Nimble, ya kuma yi ta sayar da zane yana tallata cewa kowa zai iya ƙerawa. Da yawa daga masu ƙerawar ba su da ƙwarewa, suka ƙara wa jiragen ɗakuna da nauyin da ba a tsara su da shi ba. Shi kansa Piver ya ɓace a teku a 1968. A gasar zagaya duniya ta mutum ɗaya ba tsayawa da aka fara a wannan shekara, tirimaran biyu masu tsarinsa suka shiga. Na Nigel Tetley ya tarwatse a watan Mayun 1969 lokacin da ya kusa kammala tafiyar, aka dai ceto shi. Na Donald Crowhurst kuwa an tsince shi yana yawo a Atilantika babu kowa a ciki. Cikin mutum tara da suka shiga gasar, Robin Knox-Johnston kaɗai ya kammala, kuma a kan jirgi mai jiki ɗaya. Masu sukar sabuwar ƙira suka samu abin faɗa na shekaru.

Darussan wannan lokaci sun shiga cikin tsari. Aka ƙara girman madogarai don kada su nutse idan iska ta danna su, aka ƙarfafa wurin da azara ke haɗuwa da jiki, aka kuma fara yanka ƙofar tsira a gefen jiki kusa da ruwa, wadda mutum zai iya fita ko shiga ta cikinta idan jirgi ya kife. A 1989 tirimaran mai suna Rose-Noëlle ya kife a gabashin New Zealand, amma mutum huɗu da ke ciki suka rayu kwana 119 a cikin jirgin da ke juye har ruwa ya kai su gaɓa. Wannan labari ya nuna haɗarin ƙirar da amfaninta a lokaci guda.

Yadda suka ƙwace fagen tsere

A 1966 Derek Kelsall ya lashe gasar zagaya Birtaniya da tirimaran mai suna Toria, wanda aka ƙera da soso mai tauri a tsakanin shimfiɗar faiba biyu. Wannan dabara ta ba da jiki marar nauyi mai ƙarfi, kuma ita ce ta zama ƙa'ida daga baya. Ba'amurke Dick Newick ya kawo siffa mai lanƙwasa da sirantaka. Firowarsa mai suna Cheers ta zo ta uku a tseren ƙetare Atilantika na mutum ɗaya a 1968, sannan a 1980 Phil Weld, yana da shekara 65, ya lashe gasar a kan Moxie, wani tirimaran na Newick, cikin ƙasa da kwana 18.

Faransawa ne suka mayar da abin sana'a. Eric Tabarly ya sa aka ƙera masa Pen Duick IV da alminiyom a 1968, kuma a kansa Alain Colas ya lashe tseren Atilantika na 1972. A 1978 aka fara gasar Route du Rhum daga Saint-Malo zuwa tsibirin Guadeloupe. Bayan kwana 23 a teku, ɗan Kanada Mike Birch, a kan ƙaramin tirimaran da bai wuce mita 12 ba, ya riga jirgin Michel Malinovsky mai jiki ɗaya da tsawon mita 21 isa da daƙiƙa 98 kacal. A wannan gasa ce Colas ya ɓace tare da jirginsa. A 1980 Tabarly ya ƙetare Atilantika cikin kwana 10 da awa 5, ya kawar da tarihin kwana 12 da awa 4 da jirgin Atlantic ya kafa tun 1905.

Da zaren kabon ya shigo, jiragen suka ƙara girma da rashin nauyi. Bruno Peyron ya zagaya duniya cikin kwana 79 a 1993 a kan katamaran. Ellen MacArthur ta yi zagayen ita kaɗai cikin kwana 71 a 2005. A 2009 tirimaran Banque Populaire V mai mita 40 ya ƙetare Atilantika cikin kwana 3 da awa 15, inda a rana guda ya ci fiye da kilomita 1,600. A 2017 Francis Joyon da abokansa biyar sun zagaya duniya cikin kwana 40 da awa 23, François Gabart kuma ya yi shi kaɗai cikin kwana 42. An kuma biya farashi. A gasar Route du Rhum ta 2002, cikin manyan tirimaran 18 da suka tashi, uku kaɗai suka kai, sauran guguwa ta kifar ko ta karya ko ta tilasta musu janyewa.

A kusa da gaɓa kuma, Hobie Alter na California ya fito da ƙananan katamaran da ake turawa daga bakin rairayi a ƙarshen shekarun 1960, kuma an ƙera fiye da 100,000 na samfurin Hobie 16. Katamaran Tornado, wanda Rodney March ya tsara, ya kasance cikin gasar Olamfik daga 1976 zuwa 2008, Nacra 17 ya gaje shi daga 2016. Kofin Amurka, wanda ya fi kowace gasa riƙo da al'ada, ya ga katamaran a 1988 lokacin da Dennis Conner ya kare kofin da shi, al'amarin da ya kai ga doguwar shari'a. A 2010 a Valencia tirimaran na BMW Oracle, mai tsayayyen fiffike na mita 68 a madadin ƙyalle, ya doke katamaran na Alinghi.

Sauyi na baya-bayan nan shi ne fikafikan ƙarƙashin ruwa, waɗanda ke ɗaga jirgin gaba ɗaya sama da ruwa idan ya ɗauki gudu. A Kofin Amurka na 2013 a San Francisco katamaran masu mita 22 sun wuce kilomita 70 a awa ta wannan hanya. A lokacin atisayen gasar ne ɗan Birtaniya Andrew Simpson ya rasu sakamakon kifewar jirgin ƙungiyar Artemis. Yanzu manyan tirimaran na Faransa, masu tsawon mita 32 da faɗin mita 23, suna tafiya a kan irin waɗannan fikafikai har a tsakiyar teku.

Jiragen shaƙatawa

Masu yawon shaƙatawa wuri suke nema, ba gudu ba. Tun daga jiragen kamfanin Prout, tsarin da ya kafu shi ne falo da kicin a kan daɓen da ya haɗa jikin biyu, ɗakunan kwana da banɗaki a cikin kowane jiki, da inji biyu da ke sauƙaƙa juyawa a tashar jirage. Jirgin ba ya karkata, don haka kofin shayi yakan zauna a kan tebur, kuma yana iya shiga ruwan da bai kai tsayin mutum ba. Kamfanin Fountaine Pajot na Faransa ya fara ƙera irinsu a 1983, Lagoon ya biyo baya, shi kuma Robertson and Caine da aka kafa a birnin Cape Town a 1991 ya sa Afirka ta Kudu cikin manyan ƙasashen da ke fitar da su. Kamfanonin haya a yankin Karibiyan da Bahar Rum da tsibiran Seychelles su ne manyan masu saye.

Nan ma akwai ciniki. Kowane ƙarin ɗaki ƙarin nauyi ne, kuma siririn jiki ba ya son kaya. Idan daɓen tsakiya ya yi kusa da ruwa, igiya takan riƙa dukansa daga ƙasa. Da yake jirgin ba ya karkata, ba ya yi wa matuƙi gargaɗi cewa iska ta yi yawa, shi ya sa masu ƙerawa ke ba shi ƙyalle madaidaici tare da jadawalin lokacin da za a rage shi. Faɗinsa kuma yana sa kuɗin ajiya a tasha ya fi na mai jiki ɗaya. Wannan matsala ta ƙarshe ce Ian Farrier, ɗan New Zealand, ya magance da tirimaran mai naɗe madogarai, wanda za a iya ja da mota, kamar samfurin F-27 da ya fito a tsakiyar shekarun 1980.

Komawa ga masu abin

Yayin da Turawa ke gwaje-gwajensu, akwai masanan da ke musun cewa mutanen Fasifik sun isa tsibiransu da niyya, suna cewa iska ce kawai ta kwashe su. A 1976 wata ƙungiya a Hawai ta amsa wannan da aiki. Ta ƙera kwalekwale mai jiki biyu irin na kakanni mai suna Hokule'a, wani gwanin sanin hanya daga tsibirin Satawal, Mau Piailug, ya jagorance shi daga Hawai zuwa Tahiti, tafiyar kimanin kilomita 4,000, ba tare da wata na'ura ba, sai taurari da yanayin igiyar ruwa. Tafiyar ta farfaɗo da wannan ilimi a tsakanin matasan tsibiran. Dabarar faɗi a madadin nauyi kuwa ta wuce jiragen iska, domin manyan jiragen fasinja masu inji da ke jigila tsakanin Darussalam da Zanzibar a yau masu jiki biyu ne, kuma a kan ruwan da masuntan ngalawa ke neman abincinsu suke wucewa.